Shiga Sojan Amurka da Amosanin Gaɓɓai: Matakan da Ake Bi da Inda Ƙofa ke Rufewa

Ɗan yayata yana shekara goma sha shida ya faɗi a filin ƙwallo a unguwar Bronx da ke birnin New York, gwiwarsa ta dama ta kumbura kamar an hura balan-balan. Mahaifiyarsa ta kai shi sashen gaggawa na wani asibiti, likita ya tambaye ta ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Ta ce ai sanyi ne, har kakarsa ma tana fama da shi. Tafinta ya nemi kalmar da zai fassara sanyi da ita, ya ɗauko sunan amosanin gaɓɓai a Turance, aka rubuta a fayil. Gwiwa ta sace cikin sati biyu, kowa ya manta. Bayan shekara uku yaro ya je neman shiga soja, wannan kalma guda ta fito a allon kwamfuta ta tare masa hanya wata da watanni.

A wannan wahala na koyi abin da zan shimfiɗa a nan. Na rubuta shi ne domin 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka, 'yan ƙasa ko masu katin zama na dindindin, wato girin kad, domin a cikinmu su kaɗai ake ɗauka. Sojan Amurka ba ya ɗaukar mutum daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ba ya ba da biza, kuma shirin MAVNI da ya taɓa buɗe ƙofa ga wasu marasa girin kad an daina karɓar mutane a cikinsa tun 2016. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya saya maka fom daga gida, ɗan damfara ne.

Mataki na farko: san ainihin sunan ciwonka

Mu a wurinmu komai sanyi ne. Ciwon baya sanyi, ciwon gwiwa sanyi, yatsu su sage da safe sanyi. Likitan soja kuwa ba ya aiki da wannan buhu da muke zuba komai a ciki. Yana da kundi da Ma'aikatar Tsaro ta fitar, DoDI 6130.03, juzu'i na ɗaya, wanda ya jera cututtukan da ke hana ɗaukar sabon soja. Duk rundunoni da shi suke aiki: sojan ƙasa, na ruwa, na sama, Marin, masu gadin gaɓar teku, har da dakarun jihohi da na ko-ta-kwana. Saboda haka tunanin cewa "bari in shiga na wucin gadi, can ba a tsanantawa" ba shi da tushe. Gwajin ɗaya ne.

Kundin ya raba amosani gida biyu, kuma makomarka ta rataya a kan gidan da ka faɗa.

Gida na farko shi ne wanda garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa gaɓoɓi hari. A nan ake samun rumatoyid, da wanda ke zuwa tare da cutar fata ta soriyasis, da wanda ke sandarar da ƙashin baya, da wanda ke biyo bayan ciwon ciki ko na mafitsara, da lufus. Game da waɗannan kundin ba ya tambayar ko yau kana jin zafi. Tarihi yake nema. In an taɓa tabbatar maka da ɗayansu, ko shekara goma ke nan rabonka da ciwo, ka faɗi ma'auni. Ciwon gaut, wanda ya fi kama babban yatsan ƙafa saboda taruwar sinadarin yurik asid, shi ma tarihinsa kawai ya isa. Wanda aka ce yana da amosanin yara tun yana ƙarami, shi ma ya sa a ransa za a tsayar da shi a nemi ƙarin bayani, ko da ciwon ya kwanta tun yana firamare.

Gida na biyu shi ne na zaizayar guringuntsi, ko dai don yawan aiki ko don tsohon rauni: karaya da ta shiga gaɓa, targaɗe mai tsanani, tiyatar gwiwa. A nan kundin ya yi sauƙi. Abin da yake tambaya shi ne ko ciwon ya hana ka rayuwar motsa jiki, ko kuma ana ganin zai hana ka aikin soja. Wanda hoton ƙashi ya nuna ɗan canji a idon sawunsa amma yana gudu, yana ɗaga kaya a sito, ba ya shan magani, yana da abin faɗi.

Akwai kuma na uku da ya shafe mu musamman. Ciwon gaɓoɓi da yawa a tsakaninmu amosanin jini ne, wato sikila. Mai SS ba a ɗaukarsa, haka ma wanda ƙashin kwatangwalonsa ya taɓa mutuwa saboda toshewar jini. Mai AS kuwa wannan bai hana shi shiga ba, ana dai gwadawa a sani don a kula da shi lokacin atisaye cikin zafi. In ba ka san ko jininka AA ne, AS ko SS ba, fara da wannan kafin komai.

Me ya sa suke tsanantawa haka

Na ga samari suna fushi da wannan, suna cewa ga shi sun fi jami'in da ke ɗaukarsu ƙarfi. Gaskiya ne, amma lissafin soja daban ne. Horon farko na sojan ƙasa sati goma ne, na Marin sati goma sha uku a Parris Island ko San Diego, kuma bayan nan akwai tattakin mil 12 da jakar fam 35 a baya, kusan kilo 16, ban da bindiga da hular kwano. Wannan ma ba shi ne babban dalili ba. Magunguna ne. Mai shan methotrexate sai ana duba jininsa da hantarsa a kai a kai. Allurar Humira ko Enbrel sai a firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos. Wa zai bi ka da firiji zuwa sansanin da ke tsakiyar hamada? Sannan waɗannan magunguna suna rage ƙarfin garkuwar jiki, alhali sabon soja ana ba shi rigakafi masu rayayyar ƙwayar cuta, irin na ƙyanda da na adenobairos, waɗanda ba a ba wa mai irin wannan magani. In ka fahimci wannan, za ka gane abin da mai duba takardarka yake so ya gani: jikin da ke tsaye da kansa, ba magani, ba likita a kusa.

Mataki na biyu: tattaro takardu kafin ka taka ofishin ɗaukar soja

Wannan shi ne inda muka yi kuskure. Mun fara zuwa ofis, daga baya muka koma farautar takardu.

Tun 2022 cibiyoyin tantance sabbin sojoji, waɗanda ake kira MEPS, suke aiki da manhajar MHS Genesis. Da ka sa hannu, tana janyo bayanan asibitoci da kantunan magani na cikin Amurka: ranar da ka je, abin da likita ya rubuta, maganin da ka karɓa. Zamanin da tsofaffin sojoji ke cewa "ka ce a'a ga kowace tambaya, shi ke nan" ya wuce. Saboda haka ka riga su ganin abin da za su gani.

Ka nemi cikakken fayil daga kowane asibiti da ka taɓa zuwa saboda gaɓa. Dokar HIPAA ta ba ka wannan haƙƙi, kuma a ƙa'ida cikin kwana 30 ya kamata su ba ka. Kada ka tsaya a taƙaitaccen bayanin da ke cikin manhajar waya. Ka nemi rubutun likita na kowace ziyara, rahoton hoton ƙashi da na MRI, sakamakon gwajin jini, rahoton tiyata in an yi, da takardar sallama daga masu gashin ƙashi. Ka je kantin maganinka su buga maka jerin duk abin da ka karɓa na shekarun baya. Sai ka zauna da biro ka ja layi a ƙarƙashin duk inda aka ambaci amosani, ka lura wane ne ya rubuta. Likitan gaggawa da ya gan ka minti goma da ƙwararren likitan gaɓoɓi da ya bi ka shekara biyu, maganarsu ba nauyi ɗaya ba ce.

Wanda aka yi wa magani a gida, a Zariya ko Yamai ko Garwa, manhajar ba za ta gano wannan ba, amma tambayar da ke kan fom ba ta ce "a Amurka" ba. Ta ce ko ka taɓa. Kuma ka tuna ka riga ka amsa irin waɗannan tambayoyi gaban likitan da ya duba ka lokacin neman biza ko girin kad. Ka sa wani ɗan uwa ya karɓo maka katin asibiti da duk abin da ya saura. In da Faransanci aka rubuta, a fassara zuwa Turanci a wurin mai fassara da zai sa hannu da hatimi.

Mataki na uku: ga ƙwararren likita da kuɗinka

In abin da ke fayil ɗinka yana da alaƙa da garkuwar jiki, likitan cututtukan gaɓoɓi za ka gani. In tsohon rauni ne, likitan ƙashi. Ka gaya masa gaskiyar abin da ya kawo ka: soja kake son shiga, kuma kana so a tantance ko sunan da aka rubuta daidai ne.

Zai taɓa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya auna iyakar lanƙwasawarsu da ma'aunin kusurwa. Ka roƙe shi ya rubuta lambobin, domin kundin soja da lambobi yake magana: gwiwa ta miƙe sarai ta kuma lanƙwasa har digiri 110, kwatangwalo ya kai digiri 90. Zai sa a yi gwajin jini: ESR da CRP masu nuna kumburi a jiki, RF da anti-CCP na rumatoyid, ANA na lufus, yurik asid na gaut. Abu guda da ya kamata ɗan Afirka ta Yamma ya sani: RF yana iya fitowa a jinin wanda ba shi da rumatoyid ko kaɗan, musamman wanda ya taɓa ciwon hanta, tarin fuka ko zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma likita nagari zai rubuta hakan a fili.

Wasiƙar da kake buƙata ba ta yabo ba ce. "Yaro ne nagari, na amince ya shiga soja" ba ta da amfani, domin ba likitanka ke yanke wannan ba. Wasiƙa mai aiki tana faɗin sunan ciwo na gaskiya ko kuma cewa ba a samu ba, da dalilin da ya sa, ranar da ciwon ya tashi na ƙarshe, ranar da aka daina magani da wanda ya ce a daina, sakamakon gwaje-gwaje, da cewa babu wani motsa jiki da aka hana ka. A lamarin ɗan yayata likitan ya rubuta cewa kumburin na rauni ne, jini da hoto ba su nuna alamar amosani ba. Da wannan wasiƙa muka koma asibitin farko muka nemi a gyara fayil, abin da doka ta yarda da shi, ko da yake ba sa goge tsohon rubutu, ƙarin bayani suke liƙawa.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi. Kada ka ajiye maganinka da kanka don takarda ta nuna ka yi wata kaza ba magani. Rumatoyid in aka sake shi yana cin gaɓa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na fi son in gan ka kana tuƙin tasi da yatsu lafiya da in gan ka cikin kaki wata uku sannan ka kasa ɓalle maɓallin riga.

Mataki na huɗu: jami'in ɗaukar soja da fom ɗin farko

Yanzu ka je ofis da fayil a hammata. Za a ba ka fom DD 2807-2, na tarihin lafiya. Inda aka tambayi amosani, ciwon gaɓa ko kumburi, ka amsa gaskiya, ka yi bayani gajere da ranaku, ka haɗa takardu. Jami'in ba likita ba ne, kuma yana da adadin mutanen da ake so ya kawo. Akasarinsu mutanen kirki ne, amma in wani ya ce maka "bar wannan, kada ka ambata", ka tuna sa hannunka ne a ƙasan fom, ba nasa ba.

Ɓoye ciwo don a ɗauke ka laifi ne a ƙarƙashin sashe na 104a na dokar soja, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyu da korar wulaƙanci. Yawanci ba a kai ga kotu, sallamar mutum ake yi. To amma ga mai girin kad sallamar ma ba ƙaramin abu ba ce. Da yawanmu don hanyar samun takardar zama ɗan ƙasa suke shiga, kuma wanda ya samu ta hanyar aikin soja ana iya ƙwace ta in aka sallame shi ba bisa mutunci ba kafin ya cika shekara biyar yana aiki.

Ka kuma dage a jarrabawar ASVAB, wato jarrabawar ilimi da basira da ake yi wa masu neman shiga soja. Maki mai kyau ba ya warkar da gwiwa, amma yana sa jami'i ya ga ka cancanci wahalar da zai sha wajen bin takardunka.

Mataki na biyar: ranar MEPS

Cibiyoyin 65 ne, na birnin New York yana Fort Hamilton a Brooklyn. Galibi a otal ake kwana, a tashe ku tun kafin kiran assalatu. Za a gwada ido, kunne, hawan jini, a ɗebi jini da fitsari, sannan a kai ku ɗaki daga ku sai gajeren wando. Nan ake sa ku juya kafaɗa, buɗe yatsu da dunƙule su, tsayawa a ƙafa ɗaya, durƙusawa, da tafiyar agwagwa, wato ka tsuguna har ƙasa ka yi tafiya a haka. Likita yana kallon ƙafa, yana kuma kallon fuska. Wanda ya yamutsa fuska ko ya dafa ƙasa don ya miƙe an gan shi. Wanda ya taɓa tsayawa layin tantancewar shiga Defot ta Zariya, inda ake duba gwame da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, ba zai ga baƙon abu ba.

Kada ka haɗiyi diclofenac ko wani jiƙo na maganin sanyi da asuba don ka rufe zafi. Ƙwaya tana iya ɓoye ciwo na awa shida, ba ta iya ɓoye shi sati goma a sansanin horo na Fort Jackson, kuma a can in ya tashi za a koma kan fayil.

Daga nan abu uku ne ke iya faruwa. Ko a ce ka wuce. Ko a ce a dakata sai an ga ƙarin takarda, wani lokaci su tura ka wurin ƙwararre da kuɗin gwamnati. Ko a rubuta cewa ba ka cika ma'auni ba. Kalmar da suke amfani da ita tana da ma'anar "na dindindin", kuma tana karya zuciyar samari da yawa su tafi gida ba su sake waiwayowa ba. Abin da take nufi kawai shi ne ciwon ba irin wanda ake jira ya warke ba ne. Ba ta ce babu sauran hanya ba.

Mataki na shida: neman sassauci

Sassauci, wanda za ka ji suna kira weba, ba likitan MEPS ke ba da shi ba, kuma ba kai ke nema kai tsaye ba. Jami'inka ne ke tura fayil ga likitocin rundunar da kake so, na sojan ƙasa a Fort Knox da ke Kentucky, na sojan ruwa a Millington da ke Tennessee. Ba su taɓa ganinka ba, takarda kawai suke karantawa. Shi ya sa matakai na biyu da na uku suka fi kowanne nauyi.

Ka ƙara da shaidar cewa jikinka yana aiki: wasiƙar kocin ƙwallo ko na gudu, takardar wurin aiki in aikin na ƙarfi ne, lokutan gudun da ka yi a gasa. Ka rubuta bayani na shafi ɗaya da kanka, ba roƙo, ba labarin yadda kake son ƙasa, sai abin da ya faru, yaushe, da abin da kake iya yi yau.

Ga yadda nake ganin lamarin, ba tare da shafa zuma ba. Wanda aka rubuta wa amosani bisa kuskure kuma ƙwararre ya wanke shi yana da dama mai kyau. Mai tsohon rauni a gaɓa ɗaya, ba zafi ba magani, shi ma yana da dama. Mai amosanin yara da ya kwanta shekaru masu yawa ba magani yana tsakiya, ya gwada. Amma wanda ke da tabbataccen rumatoyid ko mai sandarar da baya, kuma yana kan magani yanzu, kada ya ajiye aikinsa ko karatunsa yana jiran amsa. Da wuya ƙwarai.

Amsa na iya ɗaukar sati biyu, na iya ɗaukar wata uku. Ka riƙa tuntuɓar jami'inka sau ɗaya a mako, cikin ladabi. In runduna ɗaya ta ƙi, sakamakon MEPS yana bin ka duk inda ka je, amma kowace runduna tana da nata likitocin sassauci, don haka sojan ruwa na iya amincewa da abin da sojan sama ya ƙi. Komawa wurin waɗanda suka ƙi kuwa sai da sabon abu a hannu, sabon gwaji ko ƙarin lokaci ba ciwo. Masu neman makarantun hafsoshi irin West Point ko tallafin karatu na ROTC ba ta MEPS suke bi ba, hukumar DoDMERB ke duba su, amma da wannan kundi ɗaya.

In aka amince

Ka karɓi kwafin takardar sassaucin ka adana, ka ba mahaifiyarka ko wani babba a gida kwafi ɗaya. Ka duba ko ta taƙaita irin ayyukan da za ka iya zaɓa, domin wasu fannoni irin sojan laima da matuƙan jirgi suna da nasu gwajin daban mai tsanani. Tsakanin rantsuwar farko da ranar tafiya horo ana iya yin watanni, har zuwa shekara guda. Ka yi amfani da su wajen ƙara nisan gudu a hankali, da takalmi mai kyau, ba tsalle daga mil ɗaya zuwa biyar a mako guda ba. Ranar tafiya za a mayar da kai MEPS a sake dubawa a gurguje, a tambaye ka ko wani abu ya canja. In gwiwar ta kumbura a wannan tsakani, ka gaya wa jami'inka tun kafin ranar, a ɗage tafiyar a sake duba ka.